Wurin gashin hannu da nake zuwa a Bantama, da yadda muka ƙare da bindigata

Tun da na fara ɗaura baƙar robar nan a babban yatsa, ba na fita daga masallaci a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana, sai wani ya riƙe min gefen riga. Baba Soja, ina ne wurin? Nawa suke karɓa? Yana yi kuwa, ko cin kuɗi ne? Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na zaunar da 'yata ina faɗa tana bugawa, don ni yatsuna sun daina shiri da waya. Sunan wurin dai ba zan sa ba. Ina da yabo a kansu, ina kuma da ƙorafi, kuma ba na son in zama sanadin taɓa abincin wani. Ƙaramin wurin gashin ƙashi ne, wato fisiyo, mai zaman kansa a ɓangaren Bantama, a hawa na biyu. Wanda yake so da gaske ya same ni bayan la'asar in kwatanta masa.

Sai na fara da abin da ya kai ni, in ba haka ba ba za a gane ma'aunin da na auna su da shi ba.

Na shiga soja a 1981. Na yi Lebanon ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, na yi Laberiya da ECOMOG a 1990, na yi shekaru a barikin Uaddara nan Kumasi kafin in ajiye kaki. Gidanmu dama gidan kaki ne, kakana ya yi wa Turawa soja tun lokacin da Hausa ce harshen bariki a rundunar Gwalkwas. Da na bar aiki sai na shiga fataucin shanu, in haura Arewa in saro, in sauke a mayankar Kaase. Yaran yanzu ba za su gane wahalar ba. Kafin a canja kuɗi a Yulin 2007 babbar takardar sidi ita ce ta 20,000, kuɗin shanu mota guda kuwa sai dai a jaka, jakar ma ba ƙarama ba. Ka ɗauko wannan ka bi hanyar Techiman zuwa Kintampo da dare, kowa a motar ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Dalilin da ya sa na nemi lasisin ƙaramar bindiga ke nan. Ba kamar bindigar farauta ba ce da ake gamawa wajen 'yan sanda, ita ƙarama sai da amincewar Ministan Cikin Gida, kuma lasisin duk shekara ake sabunta shi. Na sha zirga-zirga kafin ta fito. Browning Hi-Power ce, ƙirar Beljiyam da ta fara fita tun 1935, mai cin harsashi 13. Na zaɓe ta don hannuna ya san ta, ko a duhu zan kwance ta in mayar.

Ban taɓa harba ta a kan mutum ba, alhamdu lillahi. Shekara da shekaru tana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado, mabuɗin yana wuyana.

Wata safiya a Disamba, hunturu ya ɗan sauko, na dawo daga asuba na ce bari in goge ta kafin zuwa sabunta takarda. Na kulle ƙofa, na shimfiɗa tsumma, na zare gidan harsashi na ajiye gefe. Duk wanda aka koya wa bindiga ya san cire gidan harsashi ba shi ne saukewa ba. Sai ka ja silaid, wato ƙarfen saman nan mai zamewa, ka kai shi baya, ka leƙa da idonka ka tabbatar babu ɗaya da ya rage a ciki. Na kama shi da babban yatsa da manuni kamar yadda na yi sau dubu, na ja. Sai na ji kamar an soka min ƙusa mai zafi a gindin yatsa. Ƙarfen ya taho rabi ya kufce, ya koma da ƙara. Na sake, bai ma kai rabin ba. Ina zaune a bakin gado da bindiga a hannu, ba ni da ikon sanin ko da harsashi a cikinta ko babu, sai ga jikana ɗan shekara biyar yana buga ƙofa, Kaka ka buɗe, Kaka kokonka zai huce. Sanyi ake yi amma gumi ya jiƙa min singileti. A karo na huɗu, da na matse ta da tsumma na haɗa da addu'a, ta buɗe. Babu komai a ciki, dama na san ban bar komai ba. Amma sani daban, gani daban, kuma mu gani aka koya mana.

Mutane in suna zancen tsufa da bindiga, tunaninsu ko za ka iya harbi. Ni abin da ya tsorata ni ranar, na kasa sauke ta.

Kafin in je wurin gashin ba abin da ban taɓa ba. Hajiya ta shafa min man kaɗanya da citta har ɗakin ya koma warin kicin. Wanzami ya yi min ƙaho a bayan hannu, na ji sauƙi kwana biyu, wataƙila ma zafin ƙahon ne ya mantar da ni na yatsa. Na sayi ƙwayoyin kemis ina sha kamar gyaɗa har cikina ya fara ƙuna. Akwai kuma wata kwalba da na saya wajen masu lasifika a kasuwar Kejetia, wadda ta yi aiki fiye da kima, cikin kwana uku ciwo ya ɗauke cak. Da na nuna wa likita sai ya ce in zubar. Ya ce irin waɗannan sau da yawa ana zuba musu sitiroyid a ɓoye, shi ne mai ɗauke ciwon, shi ne kuma mai kumbura fuska, ya tayar da sukari da hawan jini, ya cinye ƙashi. Ya sa aka ɗauki hoton hannun, ya nuna min gaɓar da babban yatsa ya haɗu da wuyan hannu. Guringuntsin da ke tsakani ya cinye, ƙashi na gugar ƙashi. Amosanin gaɓɓai ne na tsufa da aiki, ba irin wanda jiki ke yaƙar kansa ba. Ya ce bambancin da mutum zai lura da shi ko a gida: nawa in na tashi da safe hannu ya sandare, kafin rabin awa ya saki, wancan kuwa yakan wuce awa guda, ya kama hannu biyu daidai wa daida da kumburi, kuma shi maganinsa daban ne, ba a wasa da shi. Ya rubuta min man diklofenak na shafawa maimakon ƙwaya, saboda ciki da ƙoda, ya ce in nemi masu gashi.

Asibitin Komfo Anokye, wato Gee, suna da sashen fisiyo, kuma katin inshorar lafiya na ƙasa yana ɗaukar gashi na wanda ba a kwantar ba. Wanda aljihunsa bai da nauyi can ya kamata ya fara. Ni na zaɓi wannan ne don kusa yake da shagon 'yata, in an gama ta sa ni a pragya, wato keke mai ƙafa uku, in dawo gida.

Abin da ya fara ɓata min rai matakala ce. Wurin da aka buɗe don masu ciwon gwiwa da masu shanyewar ɓarin jiki, a ce sai an hau bene, kuma ƙarfen riƙewa gefe ɗaya ne kawai. Na ga wata tsohuwa 'ya'yanta biyu sun ɗauko ta kamar buhun masara. Na faɗa musu a ranar, na sake faɗa, har yau matakalar tana nan yadda take. Sun ce haya ce, mai gida bai yarda a taɓa ba.

Amma da na shiga na zauna gaban mai gashin, raina ya sauko. Yarinya ce Ba'ashantiya, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta biyu ba. Ba ta jin Hausa sai sannu da na gode, ni kuma Tuwi ɗina, wato yarensu, na kasuwa ne, sai muka haɗa da Turancin bariki. Akwai wani yaro ɗan Asawase da ke taimaka mata, in magana ta cije shi ke warwarewa. Ba ta yi saurin kama hannuna ba. Ta fi minti ashirin tana tambaya. Me kake kasa yi yanzu wanda da kake yi? Na lissafa mata: murɗa mabuɗi, buɗe murfin kwalba, ɗaga buta cike da ruwa da hannu ɗaya, ɓalle maɓallin wuyan riga, jan carbi in ya yi tsawo. Ta rubuta duka. Sai ta ce, Papa, akwai saura, fuskarka ta nuna. Na dubi yaron, na dubi ƙofa, na ce ina da bindiga mai lasisi, kuma na kasa jan ta. Na zaci za ta zabura ko ta canja fuska. Sai kawai ta ce ita ba ta taɓa riƙe bindiga ba, in nuna mata da hannu wofi yadda ake yi. Na nuna. Ta sa na maimaita sau uku tana kallon yatsana, ba fuskata ba. Ta ce, to ai wannan matsi ne tsakanin yatsa biyu, kuma shi ne abin da gaɓarka ta fi tsana.

Nan ta faɗa min abin da ya zauna min a kai. In ka matse abu tsakanin kan babban yatsa da manuni da ƙarfin kilo ɗaya, nauyin da ke sauka a gaɓar gindin yatsan ya ninka haka sau goma ko fiye. Yatsan kamar sandar da ake ɓanɓarar dutse da ita ne, gaɓar ce ke shan nauyin. Sai na tuna yadda ake cusa harsashi a gidansa: kana danna shi da kan babban yatsa, sifirin yana ƙara tauri, na goma sha biyu da na sha uku sai ka cije leɓe. Na yi wannan shekara arba'in, ga igiyar shanu, ga ƙirga kuɗi da yatsa. Ashe bashi nake ci.

Ta ɗauko ma'aunin damƙa, wani ƙarfe mai mariƙi da agogo a kansa. Ta zaunar da ni a kujera, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari a lanƙwashe, ta ce in matsa iya ƙarfina. Sau uku kowane hannu. Na matsa har jijiyar wuyana ta tashi, ina ganin na burge. Dama kilo 19, hagu 24. Ta ce a ma'aunin da likitocin tsofaffi na Turai suka fitar a 2019, namijin da ya gaza kilo 27 ana lissafa shi cikin masu raunin damƙa, mace kuma 16. Yaron nan ɗan Asawase, siriri kamar tsinken tsire, ya karɓa ya matsa da wasa, allura ta wuce 40. Na ce masa Allah ya kai ka shekaruna. Ya ce amin Baba, yana dariya.

Sau biyu a mako na riƙa zuwa, Talata da Alhamis. Da farko sun sa ni Juma'a ƙarfe ɗaya, na ce wa mai rubuta suna, ɗiyata, a garin da ke da Zango kamar Kumasi ba a ba Musulmi wannan lokacin. Ta gyara ba musu.

Abin da na fi so a wurin kakin nan ne. Wata tukunyar lantarki ce cike da narkakken kaki irin na kyandir, zafinsa ya ɗan haura digiri 50. Za ka wanke hannu, ta duba ko kana da ciwo ko yanka, don mai rauni a fata ko wanda hannunsa ba ya jin zafi sosai, kamar wasu masu ciwon sukari, ba a sa masa. Sai ka tsoma hannu har wuya ka fitar, ka ɗan jira ya daskare, ka sake tsomawa. Kamar sau takwas. Kowane tsomi yana ƙara kauri har hannun ya zama fari fat kamar ba naka ba. Ta sa shi a leda, ta naɗe da tawul, ka zauna kwata. Zafin ba ya ƙuna, shiga yake yi a hankali har cikin ƙashi, irin ɗumin da kake ji in ka riƙe kofin koko da asuba amma ya game ko'ina. In lokaci ya yi ta zare shi gaba ɗaya kamar safa, da siffar yatsunka da layukan tafinka a jiki. Minti talatin da ke biye, hannuna na ɗan shekara arba'in ne. A cikin wannan minti talatin ɗin take sa ni motsa jiki, kuma nan ne aikin yake. Kakin shi kaɗai daɗi ne kawai, zuwa la'asar ya tafi. Na ga mutane suna zuwa don kakin, in an zo motsa yatsu su ce suna sauri. Kuɗinsu suke zubarwa.

Motsin ba wani abin kallo ba ne, har kunya na ji da farko. Ka haɗa kan babban yatsa da manuni su yi da'ira kamar bakin kwalba, ba tare da gaɓar ta lotsa ciki ba. Ka sa robar ɗaure kuɗi a yatsu ka buɗe. Ka mulmula wani danƙo mai launi, kowane launi da taurinsa, an fara ni da rawaya. Na gaya mata ɗana ya saya min ƙarfen matsawa mai sifirin irin na 'yan dambe. Ta ce in ba wa yaran unguwa, wannan zai ƙara cinye gaɓar ne. Ƙa'idarta ɗaya: in ciwon da motsi ya tayar ya wuce awa biyu bai kwanta ba, ka yi yawa, gobe ka rage.

Sai robar da kuke gani a hannuna. Karan ɗori ne na zamani. Ta jiƙa wani farantin roba a ruwan zafi ya yi laushi, ta naɗa shi a gindin yatsana ta bi siffarsa, ya huce ya taurare. Yana riƙe gaɓar, ya bar kan yatsa yana motsi. Wannan inshora ba ta biya ko a asibitin gwamnati, kayan tallafin ƙashi ba sa cikin lissafinta, daga aljihu ne. Ya ci kuɗinsa. Na farkon ya goge min fata a mako guda, ta sake dumama shi ta gyara bakin ba ta karɓi ko pesewa ba. Matsalarsa ɗaya, alwala. Sau biyar a rana sai ka cire ka mayar, kuma mannensa ba ya son ruwa, wata biyu ya daina kamawa. Wani mai gyaran takalmi a Alabar ya ɗinka min sabo.

Safar hannu mai matsewa kuwa, wadda suke sayarwa a teburin gaba, kada ku saya. Ba mai gashin ce ta ce in saya ba, mai karɓar kuɗi ce ta yi min daɗin baki. A zafin Kumasi hannu gumi yake yi a ciki, kuma ni ban ga abin da ta ƙara min ba ban da ɗumi, wanda safar sanyi ta gwanjo za ta ba ni. Daga baya na ga irinta a wani kemis a Adum kusan rabin kuɗin. Wani ƙorafin: ranar da aka ɗauke wuta, janaretonsu ba ya ɗaukar tukunyar kaki. Sau biyu na zo na tarar kakin ya daskare kamar sabulu, aka ba ni tawul mai zafi, kuma kuɗin bai ragu ba. Na yi magana, karo na biyu suka ƙara min zama ɗaya kyauta. In ba ka yi magana ba, ba za su yi ba. Kuma duk ranar da ita yarinyar ba ta nan, wanda ke maye gurbinta rabin hankalinsa yana waya. Ku tambayi ranakunta kafin ku biya.

Ta ɓangaren bindiga, ita ta ce iyakarta hannu, ƙarfe ba nata ba ne. Sai na tafi wajen wani abokina da muka yi Laberiya tare, shi ne mai kula da ɗakin makamanmu a lokacin. Yanzu yana da shagon walda a Suame Magazine, wurin da sunansa ma daga rumbun makaman Turawa ya samo asali. Na faɗa masa, ya yi dariya har da tari, ya ɗago nasa hannun, yatsun sun karkace kamar citta. Ya ce, Samanja, kai sai yanzu?

Ya zo gida wata Asabar, muka kulle ɗaki, harsasai suna wani ɗakin daban a kulle. Ya ce kuskurena ina ja da yatsa biyu kamar mai harba gwafa. Ya nuna min: ka fara kwantar da 'yar gudumar baya, don a irin wannan bindiga silaid yana yaƙi da sifirin biyu ne, in ka kwantar da ita ka rage masa ɗaya. Ka kawo bindigar kusa da ƙirji, bakinta yana kallon inda ba kowa, yatsa nesa da kunama. Ka kife tafin hagu a bayan silaid, yatsu huɗu da tudun hannu su kama, ban da babban yatsa, kada kuma ka rufe ramin da kwanso ke fita. Sannan maimakon ka ja, hagu ta tsaya cak, dama ta tura gindin gaba da ƙarfin kafaɗa. Na gwada, ta buɗe. Na ji kamar an mayar min da muƙamina.

Sai ya zuba min ruwan sanyi. Ya ce buɗewa ɗaya ce cikin huɗu. Akwai cusa harsashi, wanda akwai 'yar na'urar roba da ke yi maka dannawar. Akwai riƙewa lokacin da ta tashi: bindiga irin wannan tana bukatar wuyan hannu mai tauri don silaid ya samu abin dogara ya kai ƙarshe, in hannu ya yi laushi kwanso yakan maƙale a ramin, ka koma neman ƙarfin da za ka cire shi a lokacin da ba ka da sukuni. Sannan akwai bugun da take yi wa gindin babban yatsa daidai inda ciwon yake. Na ce to in koma libarba mana, mai gidan harsashi mai juyawa, ba ta da silaid. Ya ce haka kowa ke cewa, amma kunamarta in ba ka kwantar da guduma ba tana neman wajen kilo 5 da yatsa ɗaya, kwantar da gudumar kuma aikin babban yatsa ne. Na ce ƙarama fa, irin ta aljihu? Ya ce ita ce mafi mugunta, mariƙi ɗan ƙarami, sifirin mai tauri, ga rashin nauyi da ke sa duk bugun ya sauka a hannunka. Ya ce a Amurka kamfanin Smith & Wesson ya fitar da wata a 2018 mai suna Shield EZ musamman don masu raunin hannu, Beretta kuma suna da ƙanana da bututunsu ke ɗagowa sama ka sa harsashi ba sai ka ja komai ba. Amma nan ba Amurka ba ce da za ka shiga shago ka canja. Sabuwar bindiga sabuwar takarda ce tun daga Ankara, babban birnin Ghana. Ya dube ni ya ce, kuma don me? Yaushe rabonka da ɗaukar jakar kuɗi?

Na yi shiru, don tun da MoMo ta kama ƙasa kuɗin shanu a waya suke tafiya, kuma shekara huɗu ke nan ɗana ne ke hawa Arewa, ba ni ba.

Ban yanke hukunci ranar ba. Taurin kan soja bai bari ba. Na ci gaba da zuwa gashi, na tashi daga danƙo rawaya zuwa ja, daga ja zuwa kore. Bayan zama 12 ta sake kawo ma'auni. Dama 25, hagu 28. Mabuɗi yana murɗuwa, musamman da ta sa aka yi masa faffaɗan kai na katako. Buta tana ɗaguwa. Biro ta naɗe min shi da soso ya yi kauri, sa hannuna ya dawo kamar na da. Ranar Juma'a na ɓalle maɓallin wuya da kaina, Hajiya tana tsaye da hannu a sama tana jiran in kira ta.

Sai na yi wa kaina jarrabawa irin ta bariki. Kwana bakwai a jere, bindiga wofi, ƙofa a kulle, sau biyu a rana: da la'asar, da kuma ƙarfe huɗu na dare in na farka kafin kiran farko, ba kaki, ba man shafawa, ba robar yatsa. Da la'asar bakwai cikin bakwai ta buɗe. Da dare uku cikin bakwai. Ɓarawo kuwa ba ya zuwa da la'asar.

Na kai mata wannan lissafin a takarda. Da ta so, da ta ce in ƙara zama goma sha biyu za a ga canji, kuma da na biya. Sai ta ajiye biro ta ce, Papa, tsokar da ke kewaye da gaɓar za mu iya ƙarfafawa, kuma mun yi. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa. Za ka samu ranaku masu kyau da marasa kyau, kuma ba kai za ka zaɓi wace ce wace ba. Ta ce akwai allurar sitiroyid da likita ke yi a gaɓar, tana ba da sauƙi na ɗan lokaci, akwai kuma tiyata in abin ya kai maƙura, amma ko ɗaya ba za ta yi min alƙawarin hannun ƙarfe huɗu na dare ba. Ta ƙara da cewa in ciwo ya kai ni ga shan tiramadol ko wani mai sa maye, to ranar ko mota kada in tuƙa, balle wancan abin. Saboda wannan maganar nake tura mutane wurin duk da matakalarsu. Ta rage min zuwa ya koma sau ɗaya a mako biyu, ita da kanta.

Ranar Litinin ta gaba na sa kaftani, na ɗauki lasisi da katin Ghana, na tafi ofishin 'yan sanda mai kula da rajistar makamai na ce na zo miƙa ta. Abokina na Suame ya raka ni, wai don kada in juyo a hanya. Ɗan sandan da ya karɓa yaro ne, gemunsa bai gama fitowa ba. Ya zare gidan harsashi, ya kama silaid da yatsa biyu ya ja shi kamar yana buɗe aljihun tebur, ya leƙa, ya karanta lambar jikinta da ƙarfi, wani yana rubutawa. Ya ƙirga harsasai a gabana ya miƙo min littafi da siririn biro. Na ce ya bar shi, na zaro nawa mai soso daga aljihu na sa hannu.

Akwatin ƙarfen yana nan ƙarƙashin gado. Hajiya ta zuba takardun fili da 'yan kunnenta na gwal a ciki, ta kuma karɓe mabuɗin daga wuyana. Gobe Talata ina da gashi ƙarfe takwas. Wanda zai bi ni ya zo da tawul ɗinsa, nasu ba sa isa in mutane sun yi yawa.